Ɗafa-ƙeya ɗaya, aiki biyu: shawara ga mai koyon Karachay-Balkar

Mai koyon harshen Karachay-Balkar, da ake yi a jamhuriyoyin Kabardino-Balkariya da Karachay-Cherkesiya na ƙasar Rasha, a gindin dutsen Elbrus, yakan yi tuntuɓe a wuri guda: ɗafa-ƙeyar -nı, wadda ke rikiɗa ta zama -ni, -nu ko -nü gwargwadon wasalin da ya gabace ta. Ita ke nuna mai abu, ita kuma ke nuna karɓau. A Turkanci, ɗan'uwansa, kowanne da tasa alamar.

Ɗauki taw, wato dutse. "Tawnu bashı" na nufin ƙololuwar dutse, "tawnu köreme" kuma ina ganin dutsen. Shawarata, kada ka yanke hukunci kan kalmar tana tsaye ita kaɗai, leƙa gaba. In ka tarar da suna ɗauke da -ı ko -sı a ƙarshe, kamar bashı, to mallaka ce. In aikatau ne ke jiran ta, karɓau ce. Bahaushe zai ɗan sha wuya a nan, domin mu a "gidan malam" abin mallakar muke sa wa alama, shi ke zuwa farko. A Karachay-Balkar kuwa mai abu ke gaba, kuma dukkansu biyun sai an yi musu alama.

Jerin ɗafe-ɗafen ba ya sauyawa: saiwa, jam'i, mallaka, sannan matsayin suna. Üy gida ne, üyüm gidana, üyümde a gidana. Jam'insa üyle, amma da mallaka ta shigo sai wata r ta ɓullo: üylerim, gidajena.

Jadawalin matsayi shida da ɗalibai ke haddacewa bai isa ba, don mallaka na sauya ƙirar abin da ya biyo ta. "Zuwa gida" üyge ne, amma zuwa gidana üyüme, zuwa gidansa üyüne. Haka -nı take zubar da n bayan "nawa": "atamı üyü", gidan mahaifina. Sai a mutum na uku ake samun sauƙi, inda atasın ke zama karɓau, atasını kuma mallaka.

Don haka ka zaɓi sunaye biyu, ata mai ƙarewa da wasali da üy mai ƙarewa da baƙi, ka juya kowanne da nawa, naka, nasa cikin matsayi shidan, kana faɗa da baki. Ka rubuta su da haruffan Sirilik tun yanzu, domin da su ake buga littattafai da jaridun harshen.