Wane kifi ke zama da wane?



Kowane manomi ya san hatsi da wake suna zama gona guda lafiya lau. Hatsi ya miƙe sama, wake ya shimfiɗa ƙasa, kowa da wurinsa. Amma babu mai hankalin da zai ɗebo irin ƙuduji ya watsa cikin hatsinsa. To, ruwa ma gona ne, kuma kifayen da ke cikinsa kowane da halinsa. Akwai waɗanda ke zama tare su yi ƙiba. Akwai wanda in ya shiga, shi kaɗai zai fito. Darasinmu na yau bisa zaɓen kifi ne: wane za a zuba cikin tabki ko kududdufin kiwo, tare da wane, kuma guda nawa.

Wata shekara, a wani ƙauye na gefen Gulbin Maraɗi, na ga samari sun haɗa kuɗi sun gyara wani kududdufi. Suka je wurin masunta suka sayo ɗiyan kifi cikin bokitai, duk abin da koma ta kamo. Ba wanda ya tsaya tantancewa, tunda a ganinsu kifi kifi ne. Wata bakwai suna zuba dussa. Ranar da aka ja taru, duk gari yana bakin ruwa. Me aka samu? Giwan ruwa huɗu masu ƙiba, da tarwaɗa ƴan kaɗan, da karfasar da ba ta cika ƙwarya biyu ba. Aka zargi mai gadi, aka zargi yara, har zumunci ya so ya ɓaci. Alhali ɓarayin ga su kwance cikin taru, kuma samarin ne suka ɗauko su a ka suka kawo.

Tambayoyi uku

A manyan birane kamar Yamai, akan ga babban akwatin gilas cike da ruwa, da ƙananan kifaye masu launi a ciki, don ado. Wanda ya tsaya ya duba da kyau zai ga abin da tabki ke ɓoye mana. Wasu kifayen suna yawo sama, wasu tsakiya, wasu kuwa ba su barin ƙasa. Masu wannan kiwo ba su haɗa kifi da kifi sai sun yi tambaya uku. Me yake ci? Ina yake zama cikin ruwa? Ina girmansa zai tsaya? Kuma suna da ƙa'ida guda: kifin da zai iya shiga bakin wani, ko ba daɗe ko ba jima zai shiga cikinsa. Tambayoyin nan da ƙa'idar nan su ne namu mu ma, ko da yake mu don tukunya da kasuwa muke kiwo.

Kafin kifi, sai a dubi ruwan. Kududdufin da ke ƙafewa bayan wata huɗu ko biyar ba ya ɗaukar kifi mai son dogon lokaci. Tarwaɗa ce ta fi dacewa da shi, sai karfasar da ta ɗan tasa. Ruwan da ke kai wata shida zuwa shekara shi ne ke ba mutum damar haɗa iri biyu ko uku.

Karfasa, uwar gida

Karfasa, wadda wasu ke kira gargaza, ita ce hatsin wannan gona. Tana zama sama da tsakiyar ruwa. Abincinta ƙananan tsirrai ne da ido ba ya gani ɗaya ɗaya, waɗanda ke mai da ruwa kore. Takin shanu ko kashin kaji ne ke haɓaka su. Tana kuma cin dussar hatsi da ta shinkafa. Ba ta farautar sauran kifaye. Don haka kiwonta ba shi da tsada.

Sai dai tana da aibi guda, shi ne yawan haihuwa. Namiji yakan haƙa ɗan rami a ƙasan ruwa marar zurfi. Mace ta zuba ƙwai a ciki, sa'an nan ta kwashe su cikin bakinta. Nan za ta riƙe su wajen kwana 10 zuwa 14, ba ta cin komi, har su ƙyanƙyashe su yi ƙwari. Ƙwai ɗari da ɗari take yi a zubi guda. Bayan wata ɗaya ko wata ɗaya da rabi ta sake. Kuma tana fara wannan aiki tun tana da wata biyar ko shida, ba ta ma kai tafin hannu ba.

Ku yi tunanin gonar da aka shuka ba a yi mata cira ba. Kara da yawa, zangarniya babu. Haka kududdufin karfasa zalla yake zama. Ka zuba 200, bayan wata shida suna dubbai, abinci bai ishe su ba, kowace kamar yatsa biyu. Mai saye a kasuwa ba ya ko kallon su.

Magani biyu ne. Na farko, a zuba maza zalla, don namiji ya fi mace saurin girma. Ana gane su in sun kai garam 30 ko fiye: a juya cikin kifin a duba kusa da wutsiya, namiji ƙofa biyu gare shi, mace uku. Aikin yana son ido da sabo, kuma ko gwani yakan yi kuskure, mace ta sulale cikin maza. Shi ya sa ake buƙatar magani na biyu, wato a kawo wanda zai yi cira.

Tarwaɗa, mai cira

Tarwaɗa ƙasan ruwa take zama, kuma ta fi yawo da dare. Tana cin kusan komi: tsutsa, ƙwari, talibambam, ragowar dussar da ta nutse, da ɗiyan kifi. Wannan halin na ƙarshe shi ne amfaninta a nan. Ita ce ke rage ɗiyan karfasa, manyan su samu abinci su yi nauyi. Abin da ta ci kuma bai ɓata ba, ya koma naman tarwaɗa. Ita kanta da wuya ta haihu cikin rufaffen kududdufi, don sai ruwan damina ya malala cikin ciyawa take zuba ƙwai. Ke nan ba za ta cika wurin ba.

Ban da wannan, tana da wata gaɓa cikin kai da ke ba ta damar shaƙar iska daga sama. Shi ya sa take jure ruwan da ya lalace, kuma shi ya sa takan fita ta yi tafiya bisa jiƙaƙƙiyar ƙasa daren da aka yi ruwa. Mai kiwon ta ya ɗaga bakin kududdufinsa, in ba haka ba ya yi wa maƙwabci kiwo.

Amma a kula, mai cira in ya yi yawa, gonar zai tumɓuke. Abin da masana kiwon kifi suka saba ba da shawara shi ne tarwaɗa ɗaya ga karfasa 5 zuwa 10. Kuma girma ya fi adadi muhimmanci. Bakin tarwaɗa faɗi gare shi. In ka zuba mai tsawon kamu ɗaya cikin karfasa masu tsawon yatsa, ka ba kura ajiyar nama. A fara zuba karfasa. A bar ta wata ɗaya ko biyu ta yi faɗi. Sa'an nan a kawo ƙananan tarwaɗa, waɗanda ba za su iya haɗiye ta ba. Lokacin da karfasa za ta fara haihuwa, su ma sun isa aiki.

Su kansu tarwaɗun a zaɓo su tsara guda. Cikin kowane zubi akwai biyu ko uku da ke tsere wa sa'o'insu wajen girma, kuma ƴan'uwansu suke ci. In an gan su, a fitar da su. Ramboshi ɗan'uwan tarwaɗa ne, yana yin aiki iri ɗaya, sai dai ya fi ta girma da haɗama, don haka a rage yawansa.

Bargi

Ni a ganina bargi, ko balli, shi ne kifin da ba mu ba haƙƙinsa ba. Babba ne, yana iya kai mitir ɗaya da kilo 10, amma bakinsa ƙarami ne kuma ba ya farauta. Yana tace ƙananan halittu daga ruwa da laka, yana haɗawa da ƙwari da ƴaƴan ciyawa. Yana shaƙar iska daga sama shi ma. Da damina yakan yi sheƙa zagayayya cikin ciyawar bakin ruwa, faɗinta wajen mitir ɗaya. A Kwaddibuwa da Kamaru masu kiwo sun daɗe suna haɗa shi da karfasa. Sharaɗinsa fili: ɗaya ko biyu sun isa ga murabba'in mitir 100. In an cunkusa shi ba ya girma. Kuma gwanin tsalle ne, ranar jan taru a ɗaga bakin tarun sama.

Giwan ruwa

Kowa na son giwan ruwa, don namansa ya fi tsada. Ɗan gida ne a kogin Isa da tabkin Cadi, kuma yana iya kai kusan mitir 2. Amma tun yana ƙarami kifi yake ci, kuma bakinsa yana ƙaruwa tare da jikinsa. Yau ɗiyan karfasa, gobe uwayensu. Kowane kilo na namansa, kilo da dama na wasu kifaye ne suka tafi. Yana kuma son ruwa mai zurfi, mai tsabta da wadatar iska, abin da ƙaramin kududdufi ba shi da shi.

Ga misali daga gabashin Afirka. Tabkin Biktoriya, wanda ke tsakanin Yuganda da Kenya da Tanzaniya, shi ne mafi faɗi a nahiyarmu. Da can babu giwan ruwa a cikinsa. Aka zuba shi cikin shekarun 1950 da farkon na 1960. Ya yi shiru wajen shekara 20, sa'an nan cikin shekarun 1980 ya mamaye tabkin. Ƙananan kifaye dangin karfasa wajen iri 200 suka ɓace, ko da yake gurɓacewar ruwan ma ta taimaka. Gaskiya ne an samu kuɗi, don ana sayar da namansa har Turai. Amma kifin da aka zuba bai ɗebu ba har yau. In haka ta faru ga tabkin da ke tsakanin ƙasashe uku, ina ga ramin da aka haƙa da shebur?

Manyan tabkuna irin na Madarumfa ko Tabalak shari'arsu dabam ce. Ruwan jama'a ne, kuma zuba sabon iri a ciki magana ce ta sarkin ruwa da masunta da ma'aikatan gandun daji masu kula da harkar kifi. Kada mutum ɗaya ya yanke wa gari hukunci da bokiti guda. Tsage mai haƙora da yauni, su ma ba a sa su cikin kududdufin kiwo.

Baƙuwar da ba a gayyata ba

Wani zai ce: kududdufina ya bushe ƙarau da rani, babu komi ciki. Kada ya rantse. Gaiwa takan shige cikin laka in ruwa ya janye, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta yi barci wata da watanni. Ruwan farko na sauka ta fito da yunwa, kuma tana cin ɗiyan kifi. Kafin ruwa ya zo, a bi ƙasan kududdufin a duba ƙananan ramuka, a tone. In kuwa daga gulbi ake jawo ruwa, a ɗaure bakin hanyar da raga mai ƙananan idanu, ko tsohon gidan sauro.

Ranar zubawa

A ɗauko ɗiyan kifi da sassafe ko da maraice. Kada a yi amfani da jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko fetur, ko an wanke ta. A zube su cikin babbar roba a tantance ɗaya ɗaya, wanda ba a gane ba a nuna wa tsohon masunci. Mai rauni ko farin tabo a jiki a fitar da shi. Sa'an nan a sa robar cikin kududdufin minti 15 zuwa 20, ana ƙara mata ruwan wurin kaɗan kaɗan, har sanyinsu ya zo ɗaya. A karkata ta, su fita da kansu. A guji zubi cikin Disamba da Janairu, don in sanyin ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20, karfasa tana rage ci kuma ba ta girma.

Bayan haka, a riƙa zuwa bakin ruwa da asuba. In tarwaɗa ko bargi ya leƙo ya koma, halinsa ne. Amma in karfasa ce ta taru sama tana buɗe baki, iskar ruwan ta ƙare. A tsai da taki da dussa, a ƙara sabon ruwa. In abin ya ci gaba, kifin ya yi yawa, a rage.

Mu yi lissafi

Kududdufi mai tsawon mitir 10 da faɗin mitir 10, filinsa 10 sau 10, wato murabba'in mitir 100. Ana zuba karfasa 2 ga kowane murabba'in mitir, ke nan 200. In za a sa tarwaɗa ɗaya ga karfasa 10, sai a raba 200 gida 10, a samu 20. A ƙara bargi ɗaya ko biyu.

Yanzu ga naku. Wata ƙungiyar mata tana da kududdufi mai tsawon mitir 20 da faɗin mitir 15. Karfasa nawa za su saya, tarwaɗa nawa, kuma wace za su fara zubawa?