Ɓera, guza da kumurci: baƙin da ke kwana a kwale-kwale

Wanda ya leƙa kogin Kubanni da rani daga kan gadar da ke tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari zai yi dariya in aka ce masa a Zariya akwai masu cin abinci da jirgin ruwa. Akwai su kuwa. Kubanni yana gangarawa ya faɗa Galma, a kan Galma akwai dam ɗin da ke shayar da gari, a Samaru kuma akwai na Jami'ar Ahmadu Bello da aka gina a 1973. A bakin waɗannan ruwaye nake aikin malamin kifi, ina zagaya masunta, kuma ƙorafin da ya fi yawan zuwa kunnena bayan tsadar kayan su shi ne: "Malam, ɓera ya gama min da kalli."

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutum ya dawo daga ruwa a gajiye, ya fere kifi a cikin jirgi, ya bar ɓawo da kayan ciki a ƙasan katako, ga ragowar dusar da ya ɗana tarkon mali da ita, ga koma jiƙe an dunƙule ta a goshin jirgi. Sai ya tura hancin jirgin cikin ciyawa, ya ɗaure a saiwar bishiya, ya tafi gida. Kafin asuba ɓera ya zo cin dusa, gafiya ta biyo ƙarni, guza ya hau neman kan tarwaɗa. Maciji shi ne na ƙarshe, kuma ba kifin ne ya kawo shi ba. Ɓeran ya biyo, da kwaɗin da ke taruwa a ruwan da ya kwanta a ƙasan jirgi, sai ya tarar da komar nan mai sanyi da duhu ya shige.

Ɓarnar ɓera ta kuɗi ce. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro, don haka ko ya ƙoshi sai ya yi gwagwiya: zaren kalli, igiyar mamari, soson rigar kariya, har tiyon mai ga masu inji. Akwai kuma ciwo. Ɓeran gona mai yawan nonuwa shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, kuma ta fitsari da kashinsa yake yaɗa shi. Garin kwaki ko ƙuli-ƙulin da ya kwana a buɗe a jirgi, a zubar.

Lamarin maciji ya fi tayar min da hankali, kuma ba sara kaɗai nake tsoro ba. Kwale-kwalenmu siriri ne. Ka kai tsakiyar dam, yaro ya ɗaga koma, kumurci ya fasa kai, mutum biyu su zabura gefe guda: jirgin ya kife ke nan, da sara ko babu.

Maganin ba ya buƙatar ko sisi, sai dai yana buƙatar hannu kullum. A kwashe ruwan ƙasan jirgi, a ɗauraye ƙarni, kayan cikin kifi a binne su nesa da wurin ɗauri. Koma da kalli a shanya su a kan sanduna, in sun bushe a tafi da su gida. Ƙaramin jirgi a jawo shi tudu a kifa shi a kan itace biyu, yadda haske da iska za su ratsa ƙarƙashinsa. In aka kifa shi dab da ƙasa an gina wa kunama da kasa ɗaki ne. Wanda ya fi ƙarfin ja, a kafa masa turke a cikin ruwa, ya yi nesa da gaɓa da kamar taku uku, a sare ciyawa da rassan da ke taɓa shi.

Saura igiya, wadda ita ce gadar ɓera. A tashar Apapa ta Legas za ka ga manyan jirage da faifan ƙarfe a jikin kowace igiyar ɗauri, don ɓera ya zo ya rasa ta inda zai tsallaka. Murfin bokitin fenti yana yin wannan aiki: a huda tsakiyarsa, a zura igiya, a yi ƙulli gaba da baya don ya tsaya. Wasu gorar roba suke zurawa, in ɓera ya taka ta juya da shi. Guza dai ninƙaya yake yi, maciji ma haka, ba abin da ke hana su sai rashin abin ci a jirgin.

Abin da nake roƙon 'yan'uwa su bari shi ne guba. Shinkafar ɓera, Sniper, ragowar maganin feshin gona, duk wanda aka barbaɗa a jirgi ruwan da za a kwarfe gobe ne zai kai shi dam, wurin kifin da za mu sayar da ruwan da 'ya'yanmu ke sha. A ɗana tarko. Kananzir da baƙin mai da ake zubawa wai don korar maciji, ni ban ga abin da suka kora ba sai masu sayen kifi.

Da safe kada hannu ya riga sanda. A bubbuga jikin jirgi da filafili, a haska tocila a goshi da ƙarƙashin mazauni, a ɗaga koma da sanda mai tsawo, fuska a kauce, don kumurci yana feso dafi daga nisan mita 2 kuma ido yake nema. In an gan shi a ja da baya a bar masa hanya.

In tsautsayi ya faɗa, dafi a ido a wanke da ruwa mai yawa nan take, a daɗe ana zubawa. In sara ne, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaurin tamau da roba. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum a abin hawa. Tun shekarun 1970 likitoci irin su David Warrell suka yi nazarin saran kumurci da kububuwa a nan Zariya, suka nuna yadda dafin kumurci ke ruɓar da nama, na kububuwa kuma ke hana jini daskarewa ko da mutum yana tafiya da ƙafarsa. Saboda haka ko ciwon bai yi tsanani ba, a wuce asibitin koyarwa na Shika kai tsaye, a faɗa wa likita lokacin da abin ya faru da kamannin macijin in an gani.