Sayen Fili a Minna: A Duba Takarda Kafin a Biya

Tun da Minna ta zama babban birnin Jihar Neja a 1976, filayen Bosso, Tunga da Chanchaga suka yi daraja. Sai dai masu saye da dama kan dogara da shaidar mai unguwa kaɗai. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, kuma ba a sayar da fili mai takardar mallaka ko jinginar da shi sai da amincewarsa. Rashin wannan amincewa ne ya sa Kotun Ƙoli ta soke jinginar da Savannah Bank ya karɓa, a shari'ar Ajilo ta 1989. Wajibi ne mai saye ya binciki rajistar filaye ta jiha kafin ya ba da kafin alƙalami.