Matakan Duba Iska da Igiyar Ruwa Kafin Shiga Teku a Watannin Damina

Daga Yuni zuwa Satumba, tekun da ya shimfiɗu daga Takoradi da Accra, ya wuce Lome da Kwatano har Legas, yakan sauya hali. Iska takan zauna daga kudu maso yamma, ruwa ya yi sanyi, igiyoyi su ƙara girma. A gaɓar Gana lokacin ne kakar kifin sadin, don haka jirage sun fi fita a daidai sa'ar da teku ya fi wuyar sha'ani. Mutanenmu na zango da mazauna Legas suna hawa waɗannan jirage, wasu don sarin kifi, wasu don aiki, wasu yawon buɗe ido. Ga abin da ya kamata matuƙi da fasinja su duba, kuma yawancinsa a tudu ake yinsa.

Mataki na 1: Duba hasashe sau biyu

Ka duba da daddare, ka sake dubawa da asuba. Hukumar NiMet a Najeriya da GMet a Gana suna fitar da hasashen yanayin teku, manhajoji irin su Windy ma suna nuna shi a waya. Abu huɗu kake nema: ƙarfin iska, tsayin igiya, tazarar igiya, da lokacin cikar ruwa.

Mataki na 2: Auna iska

Ana auna ta da not, kuma not ɗaya kilomita 1.85 ne a awa. Ƙasa da not 10, teku na da sauƙi. Daga 11 zuwa 16 za ka ga farin kumfa nan da can a kan igiyoyi. Daga 17 zuwa 21 kumfar ta yawaita, feshin ruwa na shigowa jirgi. Daga 22 kuwa ƙaramin jirgi ba shi da abin yi a waje. Ga kwale-kwale mai inji ɗaya, ni a ganina 15 ma ta isa a yi taka-tsantsan. Iskar gaɓa takan ƙara ƙarfi bayan azahar, idan tudu ya ɗau zafi, shi ya sa fitar sassafe da dawowa kafin la'asar ta fi.

Mataki na 3: Kula da tazarar igiya

Nan ne aka fi yin kuskure. Mutum ya fito, ya ga gari shiru, ko ganye ba ya motsi, sai ya ce teku ya kwanta. Alhali manyan igiyoyin wannan gaɓa ba iskar unguwa ke haifar da su ba. Daga can ƙuryar kudancin tekun Atilantika suke tasowa, inda ake hunturu da guguwa a waɗannan watanni, su yi tafiyar dubban kilomitoci kafin su iso.

Tazara ita ce daƙiƙun da ke tsakanin wucewar igiya da mai bi mata. Igiya mai daƙiƙa 5 tsawonta bai kai mita 40 ba. Tana jijjiga jirgi, tana tayar da zuciya, amma ƙarfinta kaɗan ne. Mai daƙiƙa 12 kuwa tsawonta ya haura mita 200. A tsakiyar teku ba za ka ji ta sosai ba, ɗaga jirgi kawai take yi ta sauke a hankali. Sai ta iso inda ruwa ba zurfi, gindinta ya taɓa ƙasa, ta miƙe tsaye kamar katanga, ta kife. Igiya takan fashe ne idan zurfin ruwa ya rage bai fi tsayinta da yawa ba. Saboda haka mita 1.5 a daƙiƙa 13 ya fi mita 1.5 a daƙiƙa 6 haɗari a bakin gaɓa, nesa ba kusa ba.

Wani abu kuma: tsayin da hasashe ke bayarwa matsakaicin manyan igiyoyi ne, wato kashi ɗaya cikin uku mafi tsayi. Jefi-jefi wata takan zo ta kusa ninka shi. Idan an rubuta mita 2, ka yi shirin wadda ta doshi 4.

Mataki na 4: Lissafa cika da janyewar ruwa

Ruwa na cika sau biyu a kwana guda, kuma kullum lokacin na ƙara jinkiri da kusan minti 50. Lissafin watan Musulunci zai taimake ka: cika da janyewa sun fi ƙarfi a farkon wata da kuma wajen 14 zuwa 16 ga wata. Abin gudu shi ne bakin kogi ko mashigar tashar jirage sa'ad da ruwa ke janyewa, kamar mashigar Legas ko bakin kogin Volta a Ada. Ruwan da ke fita yakan yi karo da igiyar da ke shigowa, su dunƙule su yi tsini. Ka bari sai ruwa na shigowa, ya kusa cika.

Mataki na 5: Tsaya a gaɓa ka ƙirga

Ka ba shi minti 15. Igiyoyi rukuni-rukuni suke zuwa: manya uku ko huɗu ko fiye, sannan a ɗan lafa. Dubi yadda masuntan Fante da Ga ke yi. Sukan riƙe jirgi a ruwa iya ƙugu, hancinsa na fuskantar teku, idonsu na can nesa, ba wanda ke gaggawa. Babbar ƙarshe na fashewa sai a ji tsawa ɗaya daga shugaba, kowa ya tura, inji ya ɗauka. Ka tambayi dattawan wurin. Su suka san inda yashi ya taru a bana, abin da babu shi a waya.

Mataki na 6: Bayan an fita, waiwayi gabas

Iskar yau da kullum daga kudu maso yamma take, amma hadari mai guguwa daga gabas yakan taso, musamman a farkon damina da ƙarshenta. Alamarsa baƙin gajimare mai shimfiɗaɗɗen gindi, sai iska ta ɗauke, sai wata mai sanyi ta buso. In ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙu har ka ji tsawa: kowane daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ne. In lissafin na raguwa, juya tun da wuri. Idan ya riga ya cim maka, rage gudu, fuskantar da hancin jirgi ga igiya a ɗan karkace, kowa ya zauna ƙasa, a yi ta kwashe ruwa. Kada ka bari igiya ta same ka ta gefe.

Mataki na 7: Shirin ko-ta-kwana

Raba mai kashi uku: na tafiya, na dawowa, na ajiya. Ruwan wannan gaɓa gabas yake gangarawa, ya fi sauri a waɗannan watanni, don haka jirgin da injinsa ya mutu gabas zai nufa, can kuma ya kamata a neme shi. Ka faɗa wa wani a tudu inda za ka da lokacin dawowarka. Ka riƙi anka da doguwar igiya, ruwan sha, tocila, da waya cikin leda. Mai rediyon VHF ya bar ta a tasha ta 16, ita ce ta neman agaji a duk duniya.

Rigar kariya kuwa a jiki take aiki, a ɗaure, tun kafin a tashi. Wanda ya iya ninkaya a kogin Kaduna ko tafkin Tiga kada ya ruɗi kansa, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ɗan'uwa, idan matuƙi ya ce babu riga, ko ka ga an yi wa jirgi lodin da ya wuce kima, sauka ka jira na gaba.