Darasin Gini: Tsarin Madafa da Falo a Gidan Jere na Ingila

A cikin darussanmu na gini da tsabta mun zo kan wani irin gida wanda ya cika biranen Ingila, kamar su Landan da Manchesta da Leeds. Mu dai gidan jere mu ke kiransa, gama gidajen a jere su ke kafaɗa da kafaɗa, bango ɗaya ya ke raba mutum da maƙwabcinsa na dama, ɗaya kuma da na hagun. Faɗin gidan yawanci bai wuce ƙafa 15 ko 16 ba, amma yana da tsawo zuwa baya. Ƙasa akwai ɗaki biyu, sama kuma ɗakunan kwana.

To, abin da ya wajaba mu riƙe tun da fari shi ne wannan: gidan jere ba shi da taga a gefe. Haske da iska ta fuska biyu kaɗai su ke shigowa, watau gaba da baya. Duk wanda zai tsara madafa da falo a irin wannan gida, in ya manta da wannan, zai gina wa iyalinsa duhu da hayaƙi, kuma gyara bayan gini ya fi ginin kansa tsada.

Turawan ma da wahala suka koya. Sa'ad da masana'antu suka yawaita, an yi ta gina wa ma'aikata gidaje baya da baya, ba ƙofa ba taga sai ta gaba, cuta kuwa ta yi ta yaɗuwa. A 1875 aka kafa dokar lafiyar jama'a wadda ta ba hukumomin gari ikon sa ƙa'idodin gini. Ƙa'idodin da suka biyo baya suka ce a bar fili a bayan kowane gida, kada ya gaza murabba'in ƙafa 150, taga kuma kada ta gaza kashi ɗaya cikin goma na faɗin daɓen ɗaki. A 1909 aka hana sabon gini na baya da baya, ko da ya ke a Leeds an ci gaba da waɗanda aka riga aka yarda da su har 1937.

Yanzu sai mu duba inda ya dace da kowane ɗaki. Bisa al'ada falo a gaba ya ke, wajen titi, madafa kuwa a baya. Dalili a fili ya ke. Mai girki na bukatar ƙofar da za ta fid da shara da wanki ba tare da ta ratsa baƙi ba, hayaƙi da turiri kuma su fita ta tagar baya. Baƙo ya shigo ya zauna a gaba, bai ga tukunya ba. Amma kafin a yanke shawara sai a dubi rana. A Ingila rana ta wajen kudu ta ke bi, saboda haka ɗakin da ya fuskanci kudu shi ne mai haske da ɗumi. In bayan gida ne ke duban kudu, ya fi kyau a ba wurin zama da cin abinci wannan gefe, gama nan iyali za su yini.

Sa'an nan sai matakala da hanyar wucewa. Gida mai ƙafa 15, in aka cire ƙafa 3 domin hanya, saura 12. Wannan ya sa wasu su kan bar ƙofar titi ta buɗe cikin falo sosai. Sun sami fili, amma sanyi da ƙura da idon mai wucewa duk sun shigo tare. Ko ta yaya aka yi, a sa ƙofofi su bi gefe ɗaya, domin mai zuwa madafa ya bi ta jikin bango, kada ya keta tsakanin masu hira.

Cikin madafa kuwa, aikin ƙididdigar taku ne. A 1926 wata mai zanen gini 'yar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta auna motsin mai girki, ta zana madafa mai faɗin mita 1.9 da tsawon mita 3.4 domin gidajen Frankfurt a Jamus, aka gina wajen 10,000 irinta. Ta nuna ƙaramar madafa mai tsari ta fi babba marar tsari sauƙin aiki. Daga baya masana a Amurka suka fid da wata ƙa'ida: wurare uku ne mai girki ke kai da kawowa, murhu da wurin wanke-wanke da ma'ajin abinci, watau firji. Tsakanin kowane biyu kada ya gaza ƙafa 4, kada kuma ya wuce 9. A sa wurin wanke-wanke ƙarƙashin taga. Kada a sa murhu bayan ƙofa, don kada mai shigowa ya ture tukunya a kan yaro. In teburan aiki suna fuskantar juna, a bar wajen ƙafa 4 a tsakani, yadda mutum biyu za su gifta.

Saura tambaya guda wadda magina ke gardama a kanta: a raba madafa da falo da bango, ko a haɗa su ɗaki ɗaya? In an haɗa, hasken gaba da na baya su kan gamu, uwa kuma tana girki tana ganin 'ya'yanta. In an raba, ƙauri da ƙarar kwanoni sun tsaya wurinsu, ɗumama ɗaki ya fi arha, kuma in gobara ta tashi a murhu ƙofa za ta tare hayaƙi daga matakala, wadda ita ce mafitar masu barci a sama. Mu a ganinmu, gidan da ke yawan baƙi ya bar bangon, ya sa ƙofa mai faɗi wadda za a buɗe da rana, a rufe da dare. Wanda kuwa ya ke so ya rushe bangon tsakiya bayan gini, ya sani sau da yawa shi ke ɗauke da bene, ba a taɓa shi sai da shawarar injiniya da ƙarfen tokara.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya ɗauki takarda mai gidaje, ya zana gida mai ƙafa 15 da 26, gida ɗaya a maimakon ƙafa ɗaya. Ya sa tagogi da matakala tukuna, kana ya sa murhu. Sa'an nan ya bi da fensir tun daga ƙofar titi har murhu, daga murhu har tebur, ya ƙirga takun. A kawo zane ran Litinin mu gwada, mu ga na wa ya fi hutad da mai girki. Allah ya ba mu fahimta.