MAI JEGO DA RAGE ƘIBA

Uwargida, in kin haihu kika ga jikinki ya yi nauyi, kada ki zauna da yunwa don ki rame. Jaririnki ba shi da wani abinci sai nononki har wata 6.

Mai shayarwa tana bukatar ƙarin kalori wajen 500 kowace rana. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin abinci. Wannan ƙari kamar kwano guda ne madaidaici na shinkafa da wake. Tana kuma bukatar ƙarin abinci mai gina jiki wajen giram 20. Ƙwai ɗaya, da gyaɗa cike da tafin hannu, da kofin kindirmo sun biya wannan. In babu, ga awara, ga ƙuli-ƙuli, ga kifin Tiga a ƙasar Bebeji.

To, me za ki rage? Sukari a koko, da lemon kwalba, da yawan mai. Ki dakata sai jariri ya yi wata 2. Kada raguwarki ta wuce rabin kilo a mako.

Ki yi hankali da kunun kanwa, gishirinsa yana wahalar da zuciya. In ƙafafunki sun kumbura, numfashi yana yi miki wuya, wannan ba ƙiba ba ce. A kai ki asibiti ran nan.

Maigida, ko a Kiru kake, ko Tudun Wada, ko Doguwa, kada ka sayar da wakenka duka. Ka bar wa mai jego nata.