Amsar Tambaya: Rigimar Yaro a Hidimar Babbar Salla

Wata baiwar Allah ta rubuto tana cewa ɗanta mai shekara 2 yakan rikice da kuka a ranakun Salla, har dangin mijinta suna cewa ta sangarta shi.

Malama, Allah ya ƙara miki haƙuri. Yaron da ya saba da kununsa da barcinsa a kan ƙa'ida, sa'an nan rana ɗaya aka tashe shi da asuba, aka sa masa sabuwar shadda mai kaushi, aka yi ta miƙa shi daga hannun goggo zuwa na inna cikin zafi da hayaniya, lalle ba shi da hanyar kai ƙara face kuka. Likitoci sun ce mai shekarunsa yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 tsakanin dare da rana, saboda haka kada ziyara ta cinye masa ƙailula. Ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan taƙaita salla idan ya ji kukan yaro, domin tausayin mahaifiyarsa. To, ina ga yawon gaisuwa?

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar suya, lokacin da wuƙaƙe ke zube a tsakar gida, mai yana tafasa a kasko, kowa kuma yana zaton wani ne ke duba yaron. Ki goya shi, ko ki damƙa amanarsa ga babba guda ɗaya. Naman layya a yayyanka masa ƙanana, gyaɗa da goro kuwa a nisanta su da shi, gudun shaƙewa.

Maganar dangi kuma, maigida ya kamata ya tare miki ita cikin ladabi.